Allon Da Na Zaɓa Ya Shiga Tsakanin Mijina Da Ƙaninsa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka min da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin abin da na aikata ko yayata da muke ciki ɗaya ban iya faɗa mata ba.

Aikina tace rubutun littattafan makaranta ne, kuma kwana uku a mako a gida nake yi da laftof ɗin ofis. Allonta ƙarami ne, na yi ta ƙura ido har ya fara ruwa. Maigidana kuwa yana da babbar kwamfuta ta gem, wato ta buga wasanni, wadda ya haɗa da hannunsa tun kafin aurenmu. Gidanmu ciki da falo ne, tebur ɗaya ne a lungun falon, tsakanin firji da taga, ko kujera biyu ba ya ɗauka. Da tsohon allonsa ya mutu, sai muka yi shawarar sayen guda ɗaya mai kyau, ni in yi aiki da rana, shi ya yi wasansa ranar hutu.

Ranar da za a saya aka kira shi wurin aiki, sai ya rubuta min abin da zan nema a 'yar takarda: allo mai saurin sauya hoto, mai kafar jona kebul biyu ko fiye. Anti, a nan na tafka ta'asa. Mai shagon ya nuna min irin wanda aka rubuta, ya kuma nuna min wani mai faɗi, rubutu a kansa tar kamar a takarda. Bawan Allah bai ɓoye min komai ba. Ya ce wannan na ofis ne, yana da nawa a wajen gem, kuma kafa ɗaya ce kawai za ta yi da na'urorinmu. Sai na ji wani daɗi a raina. Dama gem ɗin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk Asabar bayan la'asar sai maigidan ya toshe kunnuwa, yana tseren mota a kwamfuta da ƙaninsa da ke aiki a nesa, suna ta kwasar dariya, ni kuwa ina gefe kamar kujera. Na ɗauko mai faɗin, na dawo gida na ce masa irin nasa ya ƙare a kasuwa.

Ya yi min godiya. Asabar biyu ya gwada. Sai ya durƙusa ya zura hannu bayan tebur, ya zare kebul ɗina ya sa nasa, ya yi wasan yana cewa motar tana masa nauyi a hannu. Ranar Litinin na zauna aiki na tarar bai mayar ba, ga taro ana jirana. Na yi masa tatas, har na ce magidanci da shi bai ji kunyar rarrafe a ƙarƙashin tebur saboda wasan yara ba. Tun daga ranar bai sake kunna kwamfutarsa ba. Ya lulluɓe ta da tsohon zanen gado. Ni kuwa har da yi wa ƙawata fariya wai na raba shi da shiririta.

Yau wata uku ke nan. Shekaranjiya ƙanin nasa ya kira ni, abin da bai saba ba. Bayan gaisuwa ya yi ta kame-kame, sannan ya tambaye ni ko ya yi wa yayansa wani laifi ne. Ya ce tun rasuwar mahaifinsu ba su da wata hira sai a cikin wasan nan. A waya daga lafiya sai lafiya lau, minti ɗaya sun gama. Amma in suna tsere, a nan yake faɗa masa damuwarsa ta aiki, a nan ma ya fara gaya masa maganar wadda yake nema. Yanzu duk Asabar yana shiga wasan ya jira, ba kowa. In ya tambaya, sai yayan ya ce ayyuka ne suka yi yawa. Ashe rufa min asiri yake yi.

Wallahi dariyar da nake jin haushinta, ban taɓa tambayar me ake faɗa a cikinta ba. Yanzu Asabar yana zaune kusa da ni yana latsa waya shiru, na samu abin da nake so kuma ba daɗi. Shin in faɗa masa gaskiya, ko in lallaɓa in canza allon in yi shiru? Kuma wane iri zan nema da zai ɗauke mu mu biyu? Ina tsoron ya daina yarda da maganata.

Mai cizon yatsa

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin yi laifi biyu, kuma ba girmansu ɗaya ba. Son allon da zai hutar da idonki ba laifi ba ne, da shi kike neman halal. Jin haushin a bar ki zaune ranar hutu shi ma ba laifi ba ne, kuma maigidanki yana da nasa kason, tunda bai taɓa zaunar da ke ya ce ga abin da wasan nan yake riƙe masa ba. Inda kika kauce shi ne ƙaryar da kika yi, da kuma gorin rarrafe. Ina kyautata zaton gorin ne ya sa ya lulluɓe kwamfutar, domin mai son wasa yana lallaɓawa da allo ko ya yake.

Saboda haka kada ki canza a ɓoye. In kin yi haka kin gyara tebur ne kawai, maganar da kika faɗa tana nan a ransa. Ki same shi hankali kwance, ki ce irin nasa yana nan a shagon, ke ce kika ƙi ɗaukowa, ga kuma dalilinki. Kada ki haɗa da "ai kai ma". Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwana biyu yana ɗaure fuska. Ki jure. Mutumin da ya rufa miki asiri a wajen ƙaninsa ba neman tozarta ki yake ba.

Batun allo kuwa mai sauƙi ne, ba sai ɗayanku ya haƙura ba. Ku nemi mai inci ashirin da bakwai, wanda rubutu ke fita tar a kansa, mai sauya hoto sau ɗari da arba'in da huɗu a daƙiƙa ko sama da haka. Ya kasance da kafa biyu aƙalla, kowace na'ura da kebul ɗinta a jone, sauyawa sai dai a danna maɓalli. Ku tafi tare, ki riƙe laftof ɗin, a jona a gabanku ki karanta shafi guda, shi ma ya gwada nasa. In ofishinku yana da ƙa'ida kan abin da ake jona wa na'urarsu, ki tambaya tukuna. Wanda ke gida ku sayar ko ku yi musanya. Sannan ku yanka lokaci: la'asar ɗin Asabar tasa ce da ƙaninsa, wani yammacin kuma naki ne, ba waya ba gem.

Amma duk wannan zai iya jira. Wanda ba zai jira ba shi ne ƙanin mijinki, da ke can shi kaɗai yana lalube a ransa laifin da bai yi ba. Kafin Asabar ɗin nan ki yi maganar, ki zare kebul ɗinki da hannunki ki jona nasa, ko da a wannan allon mai nawa ne. In kin ji dariya ta tashi a falo, ki bar su su yi ta.

Allah Ya sanyaya zuciyar maigidanki, Ya ƙara muku fahimtar juna, Ya kuma ba idonki lafiya.