Zamzam a Kwalbar Bushra

Yamai, 4 ga Agusta

Inna Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan gajiyar Makka ta sake ki. A gaida Yaya Rahama.

Inna, aikina na shekara biyu ya lalace. Kin tuna kwalabe ukun da na kwana da su a gida kan hanyata ta kai su Kano a auna su a na'ura? Farin garin da ke cikinsu silika ne, yashi mai tsabta da na dasa wa ƙwayoyin boron a fuska. Kowace ƙwaya tana da gurbi mai kama sinadarai, shi ake kira asid ɗin Lewis. Ruwa kuwa in ya riga shiga gurbin, shi ke nan. A Kano na'ura ta nuna duk sun sha ruwa.

Isufu, ma'aikacin labo, wato ɗakin gwajinmu, shi ya rufe su don kada danshi ya shiga. Na kai ƙararsa, an dakatar da shi. Yana ta rantsuwa, ni ko kallonsa ban yi ba.

'Yarki, Bushra

Matamaye, 15 ga Agusta

Bushra,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Rahama ke rubutawa, ni ke faɗa.

An karanta mini takardarki. Ranar da kika tafi gaida gwaggonki a Kance, na buɗe jakarki. Na sha wuyar murfin nan, har da bakin wuƙa. Na ɗiga zamzam sau uku a kowace kwalba, na yi addu'a, na mayar yadda na gani. Duk wanda ya zo mini barka ya sha, na ce aikin da ya hana ɗiyata barci shi ma ya samu rabonsa.

Da ma kafin nan na tambaye ki mene ne a ciki, kika ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ban faɗa don in ɗora miki ba. Ni na yi ɓarnar. Amma bawan Allahn nan yana da iyali. Ki je ki wanke shi, ki ambaci sunana, ban ji kunyar hakan ba.

Allah ya tsare. Mahaifiyarki, Safiyatu

Yamai, 29 ga Agusta

Inna,

Ina gaisuwa. Kwana biyar takardarki na jakata kafin na iya shiga wurin shugaban labo. Na faɗi komai, har da amsar da na ba ki, don ita ce asalin ɓarnar. Ki yafe mini.

Isufu ya dawo aiki Litinin. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Mun soma haɗa sabon garin silika. Jiya da zai rufe mini kwalba, sai ya kira mutum biyu su tsaya su gani.

Ki sa ni a addu'a.

Bushra