Kwanar Costel

Inna Viorica, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Na rasa wanda zan gaya wa a ƙauyenmu, domin a nan in ka yi tari da safe, kafin rana ta take an ji a bakin coci.

Ina da ciki wata bakwai. Mijina Traian yana Jamus yana aikin gini, sai bazara zai dawo. Ina zaune da iyayensa a saman dutse, ɗinkin da nake yi kuwa da asibitin da nake awo duk suna ƙasa, a garin Abrud. Tun da dusar ƙanƙara ta fara zuba bas ta daina hawowa, don haka surukina, Baba Gavril, shi ke kai ni yana ɗauko ni. Kada ki ɗauka mugun mutum ne. Kafin in fito ya kankare ƙanƙarar da ke kan gilashi, ya ɗumama motar, ya shimfiɗa mini fatar tunkiya a kujera. Ba ya gudu, ba ya kurɓar komai in zai tuƙa.

Damuwata wata kwana ce a gangara, a gindin itatuwa inda rana ba ta leƙawa, ƙanƙarar wurin ba ta narkewa duk hunturu. A bakinta akwai gicciyen ƙarfe da hoton Costel, ƙanen mijina, wanda motarsa ta zame a nan ta faɗa kwazazzabo. Duk wucewa sai Baba ya ɗauke hannun dama daga sitiyari ya yi alamar gicciye sau uku, ya taɓa hularsa, idonsa na kan hoton. Daidai inda titin ya fi santsi.

Makon jiya bayan motar ya kwashe, muka juya, hancinta ya nutse cikin tarin dusar ƙanƙara ta gefen dutse. Da ta gefen kwazazzabon muka yi, da ba ni ke rubuta miki ba. Ina riƙe da cikina, shi kuwa ya juyo da hawaye a idonsa ya ce, "Kin gani ko, 'yata? Costel ne ya riƙe mu."

Na ɗan gwada yi wa surukata, Mama Floarea, maganar, tana tuƙa tuwon masara. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ke yarinya, mutumin da ya ja motar katako a dutsen nan tun ba a haife ki ba, shi za ki koya wa riƙon sitiyari?" Traian kuma a waya cewa ya yi, "Ɗaura bel ki yi haƙuri, kada dai ki taɓa masa Costel." Ban iya tuƙi ba, babu wata hanyar sauka, awo kuma ba zan fasa ba. Ta yaya zan kalli uba in ce ya daina gaida ɗansa? Har na fara tsanar hoton mamaci, kuma ina jin kunyar haka. Kullum in mun doshi kwanar sai in rufe ido in daina numfashi. Me zan yi?

Mai zama a kujerar gaba

Amsa:

'Yata, tsoronki na kan hanya, kada kowa ya sa ki ji kamar rashin kunya kike yi. Mota a kan ƙanƙara ba ta san makoki ba. Tana bin inda idon direba ya kalla, kuma in ta fara zamewa, gyaran na ƙiftawar ido ne, da hannu biyu.

Amma ki duba surukinki ma. Ba taurin kai ke ɗaga hannun nan ba. Mutum ne da hanya ta tilasta masa wuce inda ɗansa ya mutu kullum, safe da yamma, kuma saboda ke yake yi. In kika ce masa ya daina, abin da zai ji shi ne ya manta da Costel, ba kuwa zai yarda ba. Don haka kada ki hana shi gaisuwar, ki karɓe ta daga hannunsa.

Ki bar surukarki da tuwonta, shi kuma Traian da ke ba da haƙuri daga Jamus, ba shi ke cikin motar ba. Ki sami Baba shi kaɗai, a gida, ba a hanya ba. Ki ce masa, Baba, jikanka kake ɗauke da shi, ka riƙe mana sitiyari da hannu biyu, ni zan yi alamar a madadinmu duka, in kira sunan Costel da ƙarfi ka ji. Ki kuma yi da gaske, duk wucewa. Ranar Lahadi in titi ya bushe, ya ajiye motar a fili, ya taka zuwa gicciyen ya kunna wa Costel kyandir, ya daɗe yadda yake so.

Sauran dabarun tuƙi ya san su, amma ki roƙe shi: ya rage gudu ya sa ƙaramar giya tun kafin kwanar, ban da taka birki a cikinta, a duba tayoyin hunturu, sarƙar da ake ɗaura wa taya saboda santsi kuma ta zauna a but. Ke kuma bel ya bi ta ƙasan cikin, ba ta kansa ba. Ki gaya wa ungozoma zancen juyawar nan ta duba ki.

In ya ƙi, ko ya ce to amma hannun ya ci gaba da tashi, ki haɗa kayanki ki nemi 'yar uwa ko abokiyar aiki a Abrud, ki zauna can har ki haihu. Za a yi fushi, za a yi gulma, duk za su wuce. Wannan maganar kuwa ke kaɗai nake gaya wa, kada ki faɗa masa: gicciye ɗaya ya ishi kwanar nan.

Allah ya sauke ki lafiya, ya sanyaya zuciyar tsohon nan, ya nuna masa jikansa a hannunsa.

Inna Viorica