Tsagar Kuncin Hagu

Ainu Shams, Alƙahira

Inna Fadimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ranar Alhamis ta sama za a buɗe baje kolin zane a unguwar Mohandessin, har da aikina. Hoton Mama, Allah ya jiƙanta, na sa a kwamfuta, tsagar fuskarta na fitowa ɗaya bayan ɗaya da haske a jikin bango. Wani karkataccen tabo a kuncinta na hagu ya ɓata min tsarin, sai na goge shi. Abokiyar aikina Mele, 'yar tsibirin Tonga, mai haska zanen mayafin ɓawon itace na kakanninta, ta ce ita ba ta taɓa ko layi ɗaya sai ta tambayi tsofaffin gidansu. Ta hana ni sakat. To ga hoton nan, na tambaya, khalas, shi ke nan.

'Yarki,
Fauziyya

Daura

Fauziyya,

Ina amsawa, ƙafa da sauƙi. Hoto kam ya yi kyau, sai dai wannan matar ba yayata ba ce. Abin da kika goge ba tabo ba ne, tsagar wabi ce. 'Ya'ya huɗu kakarki ta binne kafin uwarki. Da aka haife ta, wanzami ya karkata askar da gangan, wai don mutuwa ta raina ta, ta wuce. Malamai sun ce camfi ne, ban musa ba. Amma ta rayu har ta haife ki, ke kuma kin zauna a Masar kina yi mata kwalliya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ki gaida 'yar Tongan nan, ta fi ki hankali.

Innarki

Ainu Shams

Inna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Shekara ashirin ina kallon kuncin nan ban taɓa tambaya ba. Na yi kuka. Na mayar da tsagar, yanzu ita ke fara fitowa kafin sauran. Ina so in rubuta sunayen huɗun nan a ƙasan hoton, don Allah ki turo min kafin Alhamis.

Fauziyya

Daura

Fauziyya,

Allah ya yi miki albarka. Badamasi, Zahra'u, Ya'ƙub. Ta huɗun ba ta kai ranar suna ba. Ki bar mata fili.

Innarki