Igiyata Ta Gyara Zanen Hajara

Katagum, daren Laraba

Shekara talatin ƙanena Sule yana ce mini jahili don ban yi boko ba. To, yau fa?

Kwana uku 'yata Hajara tana fama da kwamfuta. Zanen awon kogi da za ta miƙa a jami'a gobe yana nuna ruwa ya ƙafe da damina. Har kuka ta yi.

Na leƙa na ce, "Ke, awon da na ba ki, daga saman gaɓa nake sakin igiya. In igiya ta gajarta, kogi ya cika."

Ta gyara layi ɗaya, zanen ya juyo daidai. Ta taɓa watan Agusta a zanen, ga ruwa maƙil. "Baba, kai ne farfesan!"

Gobe zan zauna a zauren Sule. Ba zan tashi ba sai ya faɗa mini wane ne jahilin.