Matakalar Waje

Asabar, 2 ga Satumba
Tun Laith yana goye, mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, ya bar rodi a tsaye a kan rufin gidan nan, don ranar da yaron zai yi aure ya ɗora nasa bene. Kowa a garinmu na Irbid haka yake yi. Yau Laith ya zo da wata Injiniya Dima, mai zanen gini, ƙawar Sawsan ɗin da zai aura. Ta auna nan ta auna can, ko gahawar da na kawo mata ba ta shanye ba.

Litinin, 11 ga Satumba
Zane ya fito. Matakalar ta waje ce, ta bayan gida, gefen zaitun. Wato ɗana zai hau ya sauka ban ga ƙeyarsa ba. Na ce, "Falona ƙaya ne a ciki?" Dima ta ce, "Hajiya, yanzu haka ake yi, kowa da ƙofarsa." Laith yana ta latsa waya. Na san bakin da ya yi zanen nan, kuma ba na Dima ba ne.

Talata, 26 ga Satumba
Magini Abu Hazza, ɗan kawun mijina ne, shi ya zuba rufin nan da hannunsa. Na kai masa shayi da na'ana'a, na faɗa masa abin da ke raina. Ya yi dariya. "Ummu Laith, takarda ce ke gini ko ni? Yau na fasa rufi na yi miki matakala ta ciki, gobe su saba." Laith yana Aƙaba wurin aiki sai wata mai zuwa.

Alhamis, 5 ga Oktoba
An fasa rufin falo. Ƙura har cikin tulun man zaitun, amma raina fari ƙal.

Asabar, 21 ga Oktoba
Laith ya dawo ba sanarwa, tare da Sawsan. Suka tsaya ƙarƙashin ramin, rana tana dukan kawunansu a tsakiyar falona. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Umma, abu ɗaya Sawsan ta roƙa a duk ginin nan." Na ce ni ma abu ɗaya na roƙa, kuma ni na haife shi. Sawsan ta ce, "Inna, wallahi kullum za mu sauko." Na ce wanda zai sauko kullum me zai yi da ƙofar baya?
Sun tafi ba su ci maƙluba ba, shinkafa da naman da na dafa musu, ga ta nan na kife a tire.

Lahadi, 29 ga Oktoba
Dima ta janye hannunta, wai an yanke rodin da ba a yankewa. Abu Hazza ya ce ai ni na sa shi. Ɗan'uwa kenan.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
A bakin maƙwabciya na ji. Sun kama haya kusa da jami'a, hawa na huɗu, ɗaki biyu kamar akurki. Ya gwammace ya zauna a gidan baƙo. Na ji zafi, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Lahadi, 19 ga Nuwamba
Ruwan farko ya sauko ta ramin, na tara bokiti uku. Na kira Dima da kaina. Ta zo, ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma hakan ya fi ba ni haushi. An toshe ramin. Saboda ruwa ne.

Laraba, 13 ga Disamba
An gama bene, da matakalarsa ta waje kamar yadda aka zana. An yi biki, an kai amarya gidan haya. Na yi guɗa kamar kowace uwa.

Juma'a, 5 ga Janairu
Wani malamin makaranta ya zo neman hayar sama, mutumin kirki da 'ya'ya biyu. Na ce masa an riga an kama. Ya ce ai bai ga labule ba. Na ce masu shi ba su tare ba tukuna.
Makullan ƙofar benen guda biyu ne. Na ba direban tasi ya kai wa Sawsan, a hannunta, ba hannun Laith ba. Maƙwabciya ta ce in riƙe ɗaya ko don shara. Na ce gwiwata ba ta son hawa.
Har yanzu ba su kira ba.