Dami Ba Kilo Ba Ne

Madarumfa, daren Talata, kakar 1979

Barci ya ƙi zuwa. Malamin da ya koya mini aikin ordinata, wato na'urar lissafi, a Yamai kullum cewa yake, kafin ka rubuta mata umarni, gaya mata irin kowane abu, sai ta tsare ka daga kuskure. Na ga ɓata lokaci ne, na kira komai lamba. Ita kuwa ta lissafa kowane damin hatsin ƙauyen Safo kilo ɗaya, ba ta ce uffan ba.

Yau na tsaya gaban manoman ina karanta musu lissafinta, wai yunwa na tafe, ga rumbuna cike. Kawu Ilu ya ce a hankali, "Ɗana, injin naka ya taɓa ɗaukar dami a ka?"

Bai taɓa ba. Ni na taɓa.