Wurin Kwanciyar Cosme

Parakou, 9 ga Mayu, 1994

Zuwa ga Tasi Eulalie, gidan zuri'ar da ake kira "da Lapa", Agoué.

Tasi, gwaggona, ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon ƙafa ya yi sauƙi. Ni ce Blandine, 'yar wanki Cosme. Sau ɗaya kika taɓa ganina, ina ƙarama, don haka ba zan yi mamaki ba idan kin manta fuskata.

Na aiko direba Sossou ya sanar da ke rasuwar Papa, sai ya dawo min da amsar da na kasa yarda daga bakinki ta fito. Wai kin ce a binne shi can inda ya zaɓa ya zauna. Na ce masa ƙila bai ji da kyau ba, tunda Minancinsa, yarenku na can, na kasuwa ne.

Gawar tana ɗakin sanyi na asibiti a Cotonou. Abu ɗaya Papa ya roƙe ni kafin bakinsa ya rufe: a mayar da shi gida, a kwantar da shi a makabartar bayan gida kusa da mahaifinsa Anselme. Ke ce babbar gida yanzu, makulli a hannunki yake. Ki sa mana rana, sauran hidima tawa ce.

Ina jiran amsarki. 'Yarki,
Blandine


Agoué, 20 ga Mayu

Blandine,

Na samu gaisuwarki. Ƙafa tana nan yadda take.

Direbanki kunnensa lafiya lau. Abin da ya faɗa miki, shi na faɗa.

Makabartar nan kakanmu Firmino ne ya kewaye ta da hannunsa bayan ya dawo daga Bahia ta ƙasar Brazil, kuma ba a taɓa sa wanda ba jininsa ba a ciki. Hatta matan da aka auro, makabartar coci ake kai su. Cosme ba jinin Firmino ba ne. Tsintarsa aka yi, aka yi masa sutura da sunanmu. Na yi shiru shekara da shekaru saboda darajar mahaifiyata Maman Philomène, amma ba zan yi shiru har a haƙa masa rami a gefen Papa Anselme ba.

Ke kanki ki duba. Wane ɗan halak ne zai bi jirgin ƙasa arewa, ubansa ya mutu bai zo ba, sai ya aiko da buhun doya? Shekara bakwai ina juya Papa a kan gado, ina wanke shi. Doya!

Parakou akwai ƙasa, ki nemi mai taushi. Ubangiji ya ji ƙansa, wannan ban hana shi ba.

Eulalie da Lapa


Cotonou, 6 ga Yuni

Tasi Eulalie,

Ina gaisuwa, ko da yake ranar Talata na kawo gaisuwar da ƙafata har ƙofarki, kika sa yarinya ta ce min kina barci. Ina jin muryarki kina faɗa a kan an ƙona wake.

Tunda ban samu shiga ba, sai na wuce coci. Fada, limamin cocin, ya karɓe ni, ya ce a buɗe min ɗakin da ake ajiye littattafan baftisma. Gara ta ci gefen wasu, wasu kuma ruwan gishiri ya manne shafukansu, sai da muka riƙa ɓamɓarowa da bakin wuƙa. Na yini ina bin sunaye da yatsa har na iso shekarar 1926. Ga abin da aka rubuta, Fada ya fassara min daga Latin: an yi wa Cosme baftisma, ɗan halak na Anselme da Lapa da matarsa ta aure Philomène, an haife shi kwana takwas da suka wuce. Da sa hannun Papa Anselme a ƙasa. Na ɗauki hoton shafin, ga shi nan a ciki.

Batun rashin zuwansa jana'iza, telegiram ɗin da kika buga masa ya iso ne bayan an binne Papa Anselme. Ya gaya min, yana kuka ya gaya min. Ban ce ya kyauta ba. Amma rashin kirki daban, rashin uba daban.

Papa ya haura wata ɗaya a cikin ƙanƙara, Tasi. Duk lokacin da na je, sai mai gadin ya tambaye ni, "Madam, har yanzu ba a shirya ba?" Me zan ce masa?

Blandine


Agoué, 15 ga Yuni

'Yar Cosme,

Na ga hotonki. Kin wahalar da Fada a banza.

Littafi abin da aka gaya masa yake rubutawa. Maman Philomène mace ce mai tausayi, ko ɗan akuya ta tsinta za ta kai shi coci ta ce nata ne, Papa kuma ya sa hannu don a zauna lafiya. Ke ungozoma ce, kar ki ce min ba ki taɓa ganin an rubuta uban da ba shi ba.

Ni da kunnena na ji. Ina 'yar shekara tara, ranar bikin Bonfim na 'yan Bahia, ina ƙarƙashin teburin cin abinci ina satar naman feshwada, dahuwar wakenmu ta biki. Maman tana jera faranti da ƙawarta. Ƙawar ta ce, "Philomène, yaranki biyu ko kama ba sa yi." Maman ta ce, "Yi a hankali. Ɗaya na haifa, ɗayan Allah ne ya ajiye min a ƙofa, kuma ba zai taɓa sani ba."

To wanene ɗayan? Wa aka kai makarantar kwana yana ɗan ƙarami, wa aka ajiye a gida? Wa Maman ta koya wa ɗinkin leshi, ta bar wa sarƙar kakarmu? Uwa ba ta tura wanda ta haifa nesa.

Ki daina yawo a coci kina tona mana asiri. Garin nan ƙarami ne, har a layin famfo ana maganarki.

Eulalie da Lapa


Cotonou, 4 ga Yuli

Tasi,

Gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki ba kowa ya karanta miki.

Kin ce littafin coci yana ƙarya, sai na tafi Porto-Novo, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati. Turawa sun yi ƙidaya gida-gida a 1936 saboda haraji, su kuwa ba ruwansu da tausayin Maman. Na sha wuya kafin a fito min da kundin Agoué daga cikin kwali. Gidanmu yana nan. Anselme, mai gida, kafinta. Philomène, matarsa. Cosme, ɗa, shekara goma. Sai layi na huɗu: Eulalie, shekara bakwai, 'yar riƙo.

Na ce ƙila magatakardan ne ya yi kuskure. Wallahi na so ya zama kuskure. Na koma wajen Fada, na nemi 1929. Na same ki. Uba: ba a sani ba. Uwa: wata mace, an rubuta sunanta da na ƙauyensu na masunta a bakin tafki, ta rasu wajen haihuwa. Uwar baftisma: Philomène da Lapa, wadda ta ɗauki yarinyar.

Abin da kika ji a ƙarƙashin tebur gaskiya ne, Tasi. Ɗayan ne kika yi kuskure.

Babu wanda ya sani sai ni da Fada, shi kuma bakinsa a rufe yake. Ba na so kowa ya ji. Ki aiko min da kalma ɗaya cewa a kawo Papa, in ƙona takardun nan, ki ci gaba da zama Eulalie da Lapa har ƙarshen ranki. Amma ɗan ƙanen Papa Anselme, Hyacinthe, ya kira taron dangi ranar 17 a kan maganar nan. Idan na je can ba amsarki, zan je da abin da ke hannuna. Ba ni da wani abin kuma.

Blandine


Agoué, 10 ga Yuli

Ba gaisuwa tsakanina da ke.

Barazana kike min? Ni? A ɗakin da nake rubuta wannan aka yanke min cibiya. Kin je kin biya wani ɓeran ofis ya ƙara layi a takarda, kin zo kina tsoratar da tsohuwa. Halin ubanki kenan, shi ma ta bayan gida yake bi.

Ki zo taron. Ki hau kan kujera ki karanta da ƙarfi, kurame ma su ji. Mu ga wanda dangi za su yarda da shi, ni da na binne musu iyaye, ko ke da ko hanyar ɗakin girkinmu ba ki sani ba.

Eulalie, 'yar Anselme, jikar Firmino


Parakou, 8 ga Agusta

Tasi Eulalie,

Ina gaishe ki. Ban san ko wannan za ta same ki ba. Yarinyar gidan ta ce kina wajen wata ƙawarki a Grand-Popo, shi ya sa na ba Sossou ya neme ki.

Kin ce in karanta, na karanta. Haushinki nake ji, na so in ga fuskarki. Na gani kuwa. Da kika karɓi takardar kika kai ta kusa da idonki, kika juya ta, kika ce, "Waye da tabarau?" babu wanda ya miƙo miki. Kika tashi kika fita, ba ki ko ɗauki sandarki ba.

Abin da ya faru bayan fitarki ba ki gani ba. Hyacinthe ya buga tebur yana dariya, ya ce, "To! Ashe shekara talatin 'yar masunta ce take mana tsawa, tana hana mu yanke ko kwakwa ɗaya." Matarsa ta ce, "Ni dama tuni nake jin ƙarnin." Aka yi dariya. Na ce, "Baffa Hyacinthe, ni kabari na zo nema, ban zo a kori kowa ba." Ya ce, "Ke dai kin gama naki, 'yata, sauran na manya ne." Sai da na ga ya fito da wani ɗan kasuwa ɗan Labanon da ke jira a mota, suna auna filin gidanmu na bakin teku da ƙafa, na gane dalilin kiran taron. Ke ce kika tare musu hanya tun da daɗewa, ni kuma na zo na kawar musu da ke a kyauta.

An binne Papa ranar Asabar, kusa da mahaifinsa. Mutane sun zo da yawa. Ba wanda ya san waƙar da ake yi idan za a sauke akwati, ta harshen kakanni, ashe ke kaɗai kika iya ta. Muka tsaya muna kallon juna, sai Fada ya ja wata ta Faransanci. Da yamma na ga kayanki a baranda, an ɗaure su da zani, an canja kwaɗon ɗakinki. Na kwashe su na kai gidan Fada don kar ruwa ya taɓa. Sarƙar da Maman ta bar miki ce ban gani ba.

Har yanzu ina cewa ba ki da ikon hana Papa wurinsa, kuma da kin ce to tun farko da ba mu kai nan ba. Amma ban yi barcin kirki ba tun ranar. Na je wajen lauya, ya ce riƙo na shekara sittin da biyar ba abin wasa ba ne a gaban alƙali, idan kin yarda mu shigar da ƙara. Idan ba kya so, ina da ɗaki a nan Parakou, ƙofarsa daban, ba sai kin gan ni ba.

Ki amsa min ko da zagi ne.

Blandine


Grand-Popo, 29 ga Agusta

Blandine,

Direbanki ya same ni. Ina lafiya.

Ba na son ɗakinki, ba na son lauyanki. Ba zan tsaya gaban alƙali ina roƙon Hyacinthe, wanda na share wa majina, ya bar ni in kwana a gidan wasu ba. Kuma kada ki ɗauka na yafe miki. Kin sami raminki, ki riƙe.

Abu ɗaya nake so. Takardar da kika ba ni a taro tana wajena, amma baƙaƙen rubutun Fadan dā ƙanana ne, hoton kuma ya yi baƙi a daidai wurin. Ƙawata ta duba ta ce Ablavi, jikanta ya ce Afiavi. Sunan ƙauyen ma rabinsa kawai ya fito. Na shiga kwalekwale na je ƙauyuka biyu, tsofaffin can suka ce, wace daga ciki? Na rasa abin da zan ce musu.

Ke kin ga littafin da idonki. Ki rubuto min sunan matar da sunan ƙauyenta, da manyan baƙaƙe, a tsakiyar takarda. Kada ki ƙara komai, ko gaisuwa.

Eulalie